Takarda, waya ko Kindle: ina mai son karatu a Damagaram zai sa kuɗinsa?

Mai son karatu a Damagaram, idan kuɗinsa na lissafi ne, hanyoyi huɗu ke gabansa. Ko ya sayi littafin takarda, ko ya karanta a wayar da ke aljihunsa, ko ya kai fayil a buga masa a ɗinke, ko kuma ya daure ya yi tari ya sayi na'urar karatu irin su Kindle. Duka huɗun na sa musu kuɗi a ƴan shekarun nan, wani na ji daɗi, wani na yi tsaki. Idan aka tare ni a fada da tambayar wanne ya fi, ba na amsawa sai na ji abu biyu: wane irin littafi mutum yake nufi, kuma da wane lokaci yake samun zama ya karanta.

Lokacin ne ake yawan mantawa. Yawancinmu karatun dare muke yi, bayan isha'i, yara sun kwanta, gari ya ɗan sarara. Wanda ke da sararin karatu da hantsi ba shi da damuwa, hasken Allah ya ishe shi. Mai karatun dare kuwa yana hannun kuran, wato wutar lantarki, kuma kowa ya san daga Najeriya kaso mai yawa na wutar ƙasar nan yake zuwa. Da aka yanke ta a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a Maris ɗin 2024. A waɗannan watanni mai waya ya yi ta yawon neman caji, mai takarda ya yi ta lalube a duhu. Shi ya sa kafin a kai ga zaɓen takarda ko waya, akwai sayayyar da ta riga su duka, wato fitila mai aiki da hasken rana, irin wadda take da ɗan faifai daban da kuma kafar cajin waya. Cikin duk abin da na saya saboda karatu, ita ce ta fi biyan kuɗinta. A nemi mai maɓallin rage haske, mai ƙafa ko maratayi, don tocilan da ake riƙewa a hannu ba ta yin karatun awa biyu. Faifan ne ake shanyawa a rana, ita fitilar a bar ta a inuwa, saboda zafi yana kashe batir.

Littafin takarda a garin nan hanya uku yake biyowa, kuma hanyar ce take yanka masa farashi. Na Hausa daga Kano da Zariya yake zuwa. Na Larabci, bugun Misra ne ko na Bairut ko wanda aka sake bugawa a Kano, shi ma yawanci ta kasuwar Kurmi yake ratsowa. Na Faransanci kuwa sai ya taso daga Yamai, ko ya zo a jakar wani matafiyi, ko a same shi na hannu a shimfiɗe a gefen titi. Kano tana kusan kilomita 240 daga nan, Yamai kuwa kusan 900. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta yi ƙasa, mai riƙe da sefa ya samu sauƙin kayan Kano, har da littattafai. Bugun Faransa bai san wannan sauƙin ba, domin sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Ƙaramin littafin aljihu na yuro goma ya kama sefa 6,560 tun kafin a sa kuɗin ɗauko shi da ribar mai kanti. Ke nan a jika goma za ka iya cika hannu da littattafan Hausa da na addini, amma na Faransanci sabo fil da ƙyar ka fita da guda ɗaya da canji. Ita ma hanyar Kanon tana da ranar da take toshewa. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023, kuma duk lokacin da aka yi haka tabarmar mai littattafai ramewa take yi.

Sayen littafin hikaya bugun Kano yana da ladubbansa. Ka tsugunna, ka buɗe tsakiya ka duba ƙusar da aka ɗinke shi da ita, in ta yi tsatsa takardun tsakiya sun kusa zubewa. Ka bi lambobin shafi da yatsa, don ba abin mamaki ba ne a tsallaka daga 32 zuwa 49, ko a maimaita wasu sau biyu. Ka ɗaga shafi ɗaya ka kalli rana da shi, in rubutun baya ya huda ya haɗe da na gaba, da fitila ba zai karantu ba. Babban abin shi ne kashi-kashi. Labarin da aka raba gida uku, kada ka ɗauki na ɗaya da na biyu da niyyar dawowa. Wani dattijo da nake saya a wurinsa a kasuwar Dole na taɓa tambaya:

"Baba, na ukun fa?"

"Yana hanya, ɗana. Ranar Alhamis in sha Allah."

Alhamis ɗin ba ta zo ba har yau, kuma ba laifinsa ba ne, a can ma an daina buga shi. Kasuwar littattafan hikaya ta takarda ta ja baya ƙwarai idan aka gwada da shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da ake ba da hayarsu kwana ɗaya ko biyu, mata suna aiken yara su karɓo. Marubutan sun koma waya, masu karatu suka bi su. Abin da ya rage a tabarma yawanci tsofaffi ne da waɗanda ake koyarwa a makaranta.

To waɗannan tsofaffin su ne nake ganin sun cancanci takarda. A kwanan nan na sake bin ƙananan littattafan nan da suka fito daga gasar rubutu da aka yi a Zariya a 1933, waɗanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya ci gaba da bugawa. An tace su, an sa ƙugiya a inda take, an raba kalmomi daidai, ga ɗan zane nan da can. Irin littafin da za ka karanta bana, ka sake baɗi, ka miƙa wa ɗanka ya koyi karatun Hausa da shi. Haka littattafan zaure, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, waɗanda ake biyawa a gaban malami layi-layi, ɗalibi yana rubuta fassara a gefe da fensir. Wannan rubutun gefe shi ne rabin darajar littafin, kuma waya ba ta ba ka shi yadda ya kamata. Ƙamus ma haka, da littafin nahawu, da duk abin da kake buɗewa ka sa yatsa a shafi biyu lokaci ɗaya kana gwadawa.

Takarda tana da maƙiya uku a nan: gara, damina, da mai aro. Ƙurar hunturu ƙazanta ce kawai, a kakkaɓe. Gara kuwa ta bango take shigowa, musamman a gidan ƙasa irin na Birni, kuma ba ta sallama. Za ka ga bangon littafi lafiya lau, ka buɗe ka tarar ta yi hanyoyi a ciki ta cika su da jar ƙasa. Maganinta akwatin ƙarfe mai murfi da ke kamawa sosai, a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga jikin bango kamar taƙi ɗaya, kuma kada a jera littafi a kwali a ƙasa ko da na mako guda ne. Idan damina ta wuce a fito da su su sha iska a inuwa, don rana tana ƙona takardar jarida ta mai da ita ja mai karyewa. Wasu suna zuba busasshen ganyen dogon yaro a cikin akwatin, ni ma ina yi. Mai aro shi ne ba a samu maganinsa ba, ya fi gara ɓarna, don ita tana barin maka bango. Abin da nake yi shi ne rubuta suna da rana a ɗan kaye a gaban mutum, ya ga na rubuta. Wanda wannan ya ɓata wa rai dama ba shi da niyyar maidowa.

Waya ita ce hanyar da ta fi kowace arha, tunda ka riga ka saye ta don wani dalili. Idan hikayar Hausa ta yau kake so, babu ma zaɓi, a can take: WhatsApp, Telegram, Facebook, Wattpad, da manhajoji irin su ArewaBooks. Yawancin marubutan mata ne, kuma suna taɓo abin da ake ciki yanzu, zaman kishi, zawarci, shaye-shaye, garkuwa da mutane, ƴan gudun hijira, abubuwan da tsofaffin littattafai ba su san da su ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da wasu daga cikinsu fili. Tsarin sayarwar ma kusan ɗaya ne: marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama ka sai ka biya a sa ka cikin rukunin waɗanda suka biya. Da yawansu suna ba da lambar Nijar, a tura ta Nita ko Amana, kuma kuɗin bai kai na sabon littafin takarda ba.

Sai dai karatu a cikin rukunin WhatsApp aiki ne. An saki shafi na 45 da daddare, kai kuma ba ka buɗe ba sai da safe. Kafin ka kai gare shi sai ka ratsa saƙo ɗari: "Allah ya ƙara basira", "wallahi mijin nan ya ba ni haushi", wata tana tallan atamfa, wata tana neman a sake turo na 38. Ka same shi, ka yi nisa, sai kira ya shigo, ka dawo wurin ya ɓace. Dabarar da ta fi ita ce a jira labari ya ƙare, a karɓi cikakkensa a fayil ɗaya, a rufe data, a karanta a manhajar da ba ta buƙatar intanet, irin ReadEra, wadda take tuna inda ka tsaya. Wanda ba ya iya jira kuwa ya sani cewa wasu labaran ba a ƙarasa su. Marubuciya ta yi aure, ko ta haihu, ko wayarta ta faɗa ruwa, shi ke nan.

Akwai abu biyu da ke damun mai karatu na wannan ɓangaren iyaka musamman. Na farko Ingilishi. Marubutan Najeriya da yawa suna cusa shi a tsakiyar zance, wani lokaci jimla sukutum, mu kuma da muka yi lakwal da Faransanci sai mu tsaya muna kintace. Na biyu rubutun kansa. A waya ake buga shi da babban yatsa, babu mai tacewa, ƙugiyoyi sun zube, kalmomi sun manne da juna. Babba da ya riga ya iya karatu zai wuce, amma ba zan ba yaron da ke koyon rubutun Hausa irin wannan ba, don abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa. Kafin ka biya, karanta shafukan kyauta da wannan idon. Akwai marubutan da suke kula ƙwarai, kuma ana gane su tun a sakin layi na farko.

Maganar biya kuma, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Fayilolin da ake yawo da su kyauta na littafin da mai shi take sayarwa, haƙƙi ne. Matar da ta yi wata uku tana rubutu da dare bayan ta gama hidimar gida, dala ɗari ko jika guda ba ta yi mata yawa ba.

Inda waya ta yi wa takarda fintinkau shi ne tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, da manyan kundaye. Mai Faransanci yana da Gallica, ma'ajiyar intanet ta babban ɗakin karatun Faransa, kyauta. Mai Ingilishi yana da Project Gutenberg da Internet Archive. Wanda ke son ganin yadda baƙi suka kwatanta garin nan, tun daga Heinrich Barth da ya sauka Zinder a ƙarshen 1852 har zuwa sojojin Faransa da suka iso a 1899, a irin waɗannan wurare zai nema, ba a kanti ba. Malamai kuma sun daɗe da sanin manhajar Shamila, wadda ta tara dubban littattafan Larabci, ka rubuta kalma ɗaya ta fito maka da duk inda take. Tafsiri mai mujalladi goma da ba za ka iya saye ba, ga shi a aljihu. Don neman mas'ala da duba hadisi babu kamarta. Don zama a karance littafi daga bango zuwa bango, ido yana gajiya.

A nan ya kamata a bambance fayil da fayil, domin yawan masu cewa karatu a waya yana sa ciwon kai, PDF suke nufi. PDF hoton shafi ne daskararre, an yi shi don faɗin takarda. A fuskar waya sai ka ja ka buɗa, ka tura dama, ka dawo hagu, kowane layi. EPUB kuwa rubutu ne mai bin girman fuska, ka ƙara girman harafi ya sake jeruwa da kansa. Hikaya guda a EPUB sau da yawa ba ta kai megabait ɗaya ba, alhali littafin da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi yana iya cin hamsin ko fiye. Idan akwai zaɓi, a ɗauki EPUB. Masu sauraren littafi a YouTube su san sun fi kowa cin forfe, ko da yake ga mai girki, da direba, da wanda bai yi boko ba, wannan hanyar alheri ce. A sauke da dare lokacin da rezo ya fi sakin jiki, a saurara da rana.

Raunin waya shi ne abin da ke cikinta ba tabbatacce ba ne. A sace ta a tasha, laburarenka ya tafi. Ta lalace, mai gyara ya ce sai an wanke ta, ya tafi. Har littafin da ka biya a cikin manhaja ba a hannunka yake ba: OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka sa littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Don haka duk abin da kake ji da shi, ka ajiye kwafi a katin memori, ka kuma tura wa kanka ta imel. Ga kuma zafi. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, batirin waya kuwa ba ya son abin da ya wuce 35. Karatu tana jikin caji, a ɗaki mai rufin kwano, da azahar, hanya ce ta kumbura batir. Wanda zai sayi abin ajiye caji ya rage buri: mai rubutun 20,000 mAh, ko na gaskiya ne, kusan kashi biyu cikin uku yake bayarwa saboda asarar da ake yi wajen juya wutar, wato ya cika waya mai 5,000 sau biyu da ɗan ƙari. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye musu kayansu.

Hanya ta uku, bugawa a ɗinke, ɗaliban Jami'ar André Salifou sun fi kowa saninta. Lissafinta a fili yake. A ce shafi sefa 25 ne, littafi mai shafi 300 ya tashi 7,500 kafin kuɗin ɗinki, wato ya kamo kuɗin sabon littafin aljihu, kuma ya fi shi nauyi da muni. Ana rage kuɗin da rabi idan aka sa shafi biyu a fuska ɗaya, muddin idonka zai ɗauka. Ina ganin amfaninta a wuri biyu kawai: babi ɗaya ko biyu da za a yi jarrabawa a kansu, da littafin da ya ɓace a kasuwa gaba ɗaya. Tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da marigayi André Salifou ya wallafa a 1971 yana cikin irin waɗannan. A hannun wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, na gan shi, shi ma fotokopi ne, kuma shi ne karatun da ya fi riƙe ni a bana, musamman zamanin Sarki Tanimun. In za a ɗinke, a sa farar takarda tsakanin shafin farko da robar bango. Idan ba haka ba, zafi yana sa tawadar ta manne a jikin robar, ka buɗe ka ga rubutun ya tashi ya koma can. Ɗinkin zare da bangon kwali ya fi zoben roba ƙarko, don zoben yana bushewa ya kakkarye.

Kindle ita ce ake yi mini tambaya a kanta da ɗoki, ita ce kuma nake yawan hana mutane. Na'ura ce mai kyau, ba musu. Tun 2007 Amazon ke yin ta, fuskarta ba ta walƙiya irin ta waya, ana karatu da ita a tsakiyar rana kamar takarda, sababbin suna da hasken kansu na dare, caji ɗaya yana kai makonni, kuma babu saƙon da zai shigo ya katse ka. Ga garin da wuta take wasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ita ce me za ka zuba a ciki. Littattafan Hausa a kantin Amazon kaɗan ne ƙwarai, saye a can sai da katin banki mai aiki a intanet, kuma fuskarta mai inci shida ko bakwai ba ta yi wa PDF ɗin da aka ɗauka da hoto daɗi, alhali yawancin abin da ɗalibi da malami suke da shi irin wannan ne. Ba kayan da ake samu a kowane kanti ba ce, sai an yo maka saƙo. In gilashinta ya tsage a cikin jaka, wanda yake faruwa da an ɗan danne ta, masu gyaran waya ba su da abin canzawa. Wanda yake karanta hikayoyin Faransanci ko Ingilishi da yawa, littafi bayan littafi, yana kuma da ɗan'uwa a waje da zai riƙo masa, ta dace da shi, zai ma fanshe kuɗinsa da tsofaffin littattafan kyauta kaɗai. Wanda ba haka ba, kuɗinta ya yi masa akwati guda na takarda da fitila.

Ɗalibin jami'a da ke fama da PDF, abin da yake buƙata tablet ce mai inci goma, inda shafi yake fitowa ɗungurungum. Sai dai a guji masu arhar banza marasa sunan kirki, waɗanda aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi a jikin kwali. Ta hannu mai sanannen suna, wadda aka gwada batirinta a gabanka, ta fi sabuwa irin waccan.

Idan ƙanena ya zo da jika talatin ya ce in raba masa, ba zan sa na'ura a lissafin ba. Fitila ce farko, sai akwatin ƙarfe ko da na hannu ne, sai katin memori na gaskiya. Abin da ya saura kashi biyu zan yi masa. Babban kashin ya tafi ga littattafan da ya tabbata zai sake buɗewa, ƙamus, littafin da yake biyawa a zaure, tsofaffin hikayoyin da aka tace. Ƙaramin ya ajiye don biyan marubutan waya, labarin da ake karantawa sau ɗaya a wuce. Ƙanwata da hikaya kawai take so, ita waya ta ishe ta, sai dai ta ƙara da abin ajiye caji. Mai yara ƙanana ya sayi takarda ko da tsada, don yaron da aka miƙa wa waya ya yi karatu, ba karatun zai yi ba. Matafiyi zuwa Yamai, da zai yini cur a cikin bas, ya zuba sauti a waya ya sa abin kunne, domin karatu a mota mai girgiza yana tayar da zuciya.

Sauran kayan zaman karatu ba sa cin kuɗi. Ni dai kujerar zare mai jingina, fensir maimakon bik don ana gogewa, ɗan kaye na rubuta kalmomin da suka burge ni, da siririyar fata da wani baduku ya yanka mini nake sawa a inda na tsaya, don naɗe kusurwar shafi yana karya tsohuwar takarda. Shayi kuma a ajiye shi a ƙasa, nesa da littafin, kofi na biyu ya fi dacewa da karatu saboda na farko ɗacinsa yana hana zama.

Wanda ya haura shekara arba'in ya fara nesanta littafi da fuskarsa kafin ya gani, shi lissafinsa ya ɗan canza. A waya da Kindle zai ƙara girman harafi yadda yake so, takarda kuwa ba ta da wannan, musamman bugun Bairut mai ƙananan haruffa da sharhi a gefe. Kafin ya yanke cewa takarda ta gagare shi, ya je a auna idonsa a asibiti. Idan tabaran karatu na kasuwa zai saya, ya tafi da littafin da ya fi ƙananan rubutu a akwatinsa, ya gwada a tazarar da ya saba riƙewa, ya fara da mai lamba +1.00 yana hawa, ya tsaya a mafi ƙanƙantar lambar da rubutun ya fito masa sarai.